Yaranmu Ma Masu Dubara Ne

Ranar zubi kowa ta san yadda ake: ana kiran sunaye, ana ƙirga kuɗi, ga yara na tsalle bisa tabarma. Sau biyu hayaniyarsu ta rikita mana lissafin asusu, har aka kusa ɓatawa tsakanin mata biyu. Da kora muke yi. Bana muka ce, tunda dubara ce jarinmu tun da aka soma Mata Masu Dubara a Maradi a 1991, bari mu gwada ta a kansu.

Muka tara ƙasa tudu biyu a gindin bedi, ɗaya muka jera masa tsakuwa a gicciye, ɗaya muka bar shi haka nan. Wata ƴar shekara shida ta tsiyaya ruwan buta a kan kowane. A na farko ruwan ya tsaya bayan tsakuwa ya nutse. A na biyu ya zubo a guje, ya yanka ƴar korama, ya kwashe ƙasa. Yarinya ta ce, "Inna, dutsi ya kama ruwa!"

Wata tsohuwa cikinmu ta yi dariya, don aikin da ta yi da ƙuruciya ke nan. Da aka buɗe furojen Keita a 1984 da taimakon Italiya, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu a ka, ana jera su a gangare. Gangare ke ƙara wa ruwa gudu. In dutsi ya rage masa gudun, ba ya da ƙarfin ɗaukar ƙasa. Haka layukan bedi da aka soma dasawa a kwarin Majiya wajen Bouza a 1975 ke karya ƙarfin iska.

Sati na gaba muka jingina katako bisa turmi, yara suka gangaro da gwangwanin tumatir. A daɓe ya yi nisa, a rairayi ya cije nan take. Muka ƙara ɗaga katakon, ya ƙara nisa. Daga baya suka sa taɓarya ƙarƙashin dutsin da ya gagare su, suka tokare ta da wani ƙarami, suka danna can ƙarshe. Sai ga dutsi ya ɗaga. Dubarar jigo ke nan.

Ba mu kashe ko dala ba. Mace ɗaya ke zama da su kowane sati, bi da bi. Ƙa'idarmu biyu: kar a gaya musu amsa, a fara tambaya, "Me kuke jin zai faru?", kuma a yi nesa da rijiya, a janye masu rarrafe daga tsakuwa.

Ƴan uwa na Madaoua, Bouza da Keita, ku gwada a zubinku mai zuwa. Mu dai tun ranar lissafinmu bai sake rikicewa ba.