Babi na Tara: Kaka a Gaɓar Nilu da Baƙin da ke Sauka Cikinta

A ƙasar Hausa idan kaka ta yi, an kusa rataye fartanya ke nan. A Khartum da Omdurman kuwa lokacin ne mai lambu yake wasa tasa. Ruwan saman da ke sauka a nan bai taka kara ya karya ba, kogi ne madogara. Shuɗin Nilu yakan cika maƙil a ƙarshen Agusta da ruwan duwatsun Habasha, ya haɗu da Farin Nilu a Mugran, ya shanye gaɓa. Wajen Oktoba sai ya ja da baya, ya bar baƙar laka mai taushi a kan gaɓar da mutanen wurin ke kira juruf. Manomi na bin sawun ruwa, yana huda lakar da sanda yana jefa irin wake, kuɓewa, kabewa da kankana, ba ruwansa da taki. Daga tsibirin Tuti da Shambat kuma lalo da jarjir da albasa ke shiga kasuwa. Hausawan da suka zauna bakin Shuɗin Nilu tun zamanin Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru sun san wannan noma ciki da bai. Yadda babbar madatsar Habasha ke riƙe lakar yanzu lissafi ne mai tsawo, mu bar shi haka.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan lokaci yana sama ne. Mutumin da ke zaune a unguwar Alsawra ta Omdurman ba sai ya je bakin kogi ba. Ya isa a ce akwai darbejiya ko lemun tsami a tsakar gida, da randar nan mai tsinin gindi da suke kira zir, a kan ƙarfenta tana ɗiga. A ajiye tsohuwar tasa a ƙarƙashinta. Da hantsi kurciya za ta fara zuwa, ta tsoma baki ta zuƙa ba tare da ɗaga kai ba, gwara kuwa sai ta ɗiba ta ɗaga, ta ɗiba ta ɗaga. Daga Satumba sai a fara ganin waɗanda ba a saba da su ba: tsattsewar Turai a kan wayar lantarki, da wasu ƙanana masu rawayar ƙirji masu kaɗa wutsiya a tsakanin kunyoyi. Sun ƙetare teku da sahara, kwarin Nilu ne titinsu.

Na gaji da jin ana cewa shamuwa ce ke kawo ruwa. Ba ta kawo komai! Bin sa take yi, domin inda ruwa ya sauka nan fara da tsutsa suke. Shi ya sa da kaka take barin sheƙarta, a Kano ko a Omdurman, ta ƙetare tsakiyar duniya zuwa Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe inda damina ke faɗuwa. Haka ma na gaji da masu jifan kowane tsuntsu a lambu wai ɓarawon iri ne. Balbela da shamuwa ƙwari suke ci, aiki suke yi wa mai lambu kyauta. Mai ɓarnar dawa jan-baki ne, kuma shi a garke yake zuwa, kowa ya san shi.

A Omdurman ɗin nan aka yi wani abu da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. A 1892 wani attajiri mai suna Falz-Fein, a gandunsa na Askaniya Noba da ke ƙasar Yukren ta yau, ya rataya wa wata 'yar dangin gauraka ƙaramin kwanso da takarda a ciki, ya sake ta. Kafin shekarar ta fita aka harbo ta a yankin Dungula. Aka kawo kwanson gaban Khalifa Abdullahi, magajin Mahadi. Rubutun Turawa a wuyan tsuntsu, a lokacin yaƙi? Dole a yi zargin saƙon leƙen asiri ne. Sai aka kira Silatin, Baturen Ostiriya da ke tsare a garin, ya karanta. Ashe mai gandun roƙo kawai yake yi: duk wanda ya sami tsuntsuwar ya sanar da shi inda ta kai. Silatin ya riƙe sunan a ka har ya tsere a 1895, sannan mai tambaya ya sami amsarsa. Dangin wannan tsuntsuwa, da 'yan Sudan ke kira rahu, har yau suna zuwa cin rani a ƙasar.

Kafin yaƙin 2023, masaukin baƙin nan mafi girma a cikin birni shi ne dajin Sunut, kurmin bagaruwa da ke gaɓar Farin Nilu, wanda aka keɓe tun zamanin mulkin Ingila. A da ruwa kan kwanta a gindin itatuwansa watanni, kwasakwasa da jinjimi da agwagin ruwa su cika shi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 aka sa masa gatari don itace da gawayi, mutanen Tuti da yawa ma suka bar gonakinsu. Ba na zargin mai neman abin dafa abinci, amma ɓarnar babba ce. Bagaruwa na tsira daga iri idan aka kare ta daga awaki. Masu komawa gidajensu a Alsawra da Bahri da Tuti, a taimaka a dasa, a kuma hana yara ɗaukar danƙo a kan baƙin kaka.