An Buɗe Jijiyar Zuciya, Saura Jinya

Mutumin ƙauyen Nariya da aka buɗe wa jijiyar zuciya da ta toshe yakan dawo gida da ƙafarsa, babu ɗinki, sai ɗan tabo a wuyan hannu ko a matsematsi. Nauyin ƙirji ya tafi, numfashi ya dawo. 'Yan dubiya su cika zaure suna cewa, "Alhamdu lillahi, ai Malam ya warke." To, a nan gizo ke saƙar.

Abin da likita ya yi shi ne ya zura siririn bututu ta hanyar jini har zuwa zuciya, ya hura ɗan balan-balan ya danne kitsen da ya tare hanya, sannan ya bar wata 'yar ragar ƙarfe ta tokare wurin. Wani likita Bajamushe, Andreas Grüntzig, shi ya fara aikin balan-balan ɗin a Zurich a 1977, ragar kuma ta biyo baya a 1986 a Faransa. Wuri guda aka gyara. Cutar da ta tara kitsen tana nan a sauran jijiyoyi.

Ita ragar baƙuwa ce a jiki, jini na iya daskarewa a kanta kafin naman jijiya ya lulluɓe ta. Shi ya sa ake haɗa wa majinyaci ƙwayoyi biyu masu hana daskarewar jini, asfirin da wani irinsa kamar clopidogrel, galibi na wata 6 zuwa 12, asfirin kuwa yawanci har iya rayuwa. Wanda ya ajiye su a watannin farko saboda ya ji garau, ko don kuɗi sun yanke, ragar tana iya toshewa farat ɗaya, kuma irin wannan toshewar tana kisa. A ganina wannan ne babban haɗarin mutumin karkara, ya fi aikin kansa. Ba kowane kemis na ƙauye ke ajiye irin wannan magani ba, don haka tun saura na mako guda a aika Rano ko Kano a sayo. Dangin da suka yi karo-karo aka biya kuɗin aiki, su sani kuɗin maganin wata-wata ma nasu ne.

Mai shan waɗannan ƙwayoyi jininsa ba ya saurin tsayawa. Ƙaho da tsagar wanzami su dakata, cire haƙori sai da sanin likita. Maganin ciwon jikin nan da manoma ke watsawa bayan an taso daga gona, irin su diclofenac da ibuprofen, in ya haɗu da asfirin yana iya sa ciki zubar da jini. Bahaya baƙi ƙirin alama ce, a tafi asibiti.

Batun komawa aiki kuwa, wanda aka bi ta hannu ko matsematsi ya yi kamar mako guda bai ɗauki abu mai nauyi ba. Wanda aka tsaga wa ƙirji aka yi wa jinin sabuwar hanya, nasa daban ne: ƙashin ƙirji na bukatar mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗe. Babu huɗa, babu ɗaukar buhu, babu tuƙa babur a hanyar da ta sha ruwan damina. In sujada tana ja masa ƙirji, ya yi salla a zaune, addini ya yi sauƙi. Amma kwanciya dare da rana ma ba jinya ba ce. Tattaki ake so kullum, daga gida zuwa masallaci, gobe a ɗan ƙara.

Taba sigari a bar ta ɗungurungum. Uwargida ta rage gishiri da dunƙule da man shanu, ta bar kuka da zogale da wake su yi yawa. Maganin kitse da na hawan jini da na suga su ci gaba ko da awo ya yi kyau. Azumi kuma, a tambayi likita tun cikin Sha'aban.

Idan ƙirji ya sake ɗaurewa ya wuce minti 10, da gumi ko sarƙewar numfashi ko ciwo mai sauka hannu, kada a tsaya jiƙo ko jiran gari ya waye. Naman zuciyar da jini ya yanke wa yakan fara mutuwa cikin rabin sa'a, ga shi daga Nariya sai an fito Kibiya ko Rano kafin a kama hanyar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A tanadi lambar mai mota tun yanzu, takardar sallama da sunayen magunguna kuma su zauna inda kowa a gidan ya sani.