Make: Matakin Farko na Sauƙaƙa Aikin Harhaɗa Manhaja

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna wa mai koyon rubuta manhaja yadda zai ɗora wa na'ura mai ƙwaƙwalwa nauyin ayyukan da yake maimaitawa kullum. Duk wanda ya taɓa gyara kuskure, sa'an nan ya mance bai sake harhaɗa manhajar ba, ya san irin lokacin da akan ɓata wajen neman cutar da an riga an magance. Irin wannan hasara ce ta sami Steve Johnson a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka, har ta sa abokin aikinsa Stuart Feldman ya ƙago Make a shekarar 1976.

2.0 Tsarin Ƙa'ida

Da farko, mai aiki zai buɗe fayil mai suna Makefile, ya rubuta ƙa'idodi a cikinsa. Kowace ƙa'ida tana da sassa uku: abin da ake so a samar, da abin da ya dogara a kansa, da kuma umarnin samar da shi. Ga misali:

lissafi: lissafi.c
	cc -o lissafi lissafi.c

Wato ke nan, "lissafi" ya dogara ne a kan "lissafi.c". Idan aka buga umarnin make, sai ta gwada lokacin da aka taɓa kowannensu na ƙarshe. In tushen ne aka taɓa daga baya, sai ta sake harhaɗawa. In kuwa ba haka ba, sai ta bar shi yadda yake. Ta haka ba a maimaita aikin da aka gama, ba a kuma tsallake wanda ya wajaba.

3.0 Abin Lura

Wajibi ne layin umarni ya fara da maɓallin Tab, ba da gibin da aka saba bari tsakanin kalmomi ba. A ido duk ɗaya suke, amma Make ba za ta karɓa ba. Feldman kansa ya bar wannan ƙa'ida ne don gudun ɓata aikin 'yan mutanen da suka riga suka fara amfani da ita.

4.0 Kammalawa

Shawararmu ga malamai ita ce su fara da ƙa'ida guda, sa'an nan ɗalibi ya ƙara ta gwaji da ta sharewa. Da ma sannu ba ta hana zuwa. Makefile kuwa shi zai gaya wa duk wanda ya gaji aikin yadda ake gina shi.