Makaɗan Abzin Da Faifansu Na "Hawayen Zalunci"

Babbar hanyar nan da ta taso daga Ikko ta ratso Kwantagora da Yawuri da Jega da Tambuwal, ta bi ta Shagari da Bodinga ta shiga Sakkwato, ba a Sakkwato ta yi birki ba. Ta zarce Illela, ta tsallaka iyaka zuwa Birnin Ƙonni, daga can kuma sai Tawa, sai Abalak, sai Agadas. Manyan motocin da mutanen Shagari da Bodinga ke gani suna wucewa dare da rana, da yawa daga cikinsu can suka nufa. Hanyar da ke kai kaya kuwa ita ke kawo baƙi, kuma a cikin shekarar 2008 ta kawo wa birnin Sakkwato wani saurayi Ba'abzine, babu wanda ya san shi, ya shiga wani ɗakin ɗaukar waƙa ya yi faifansa na farko. Yau sunan wannan saurayi ya cika gidajen rediyo da jaridun ƙasashen Turai da Amurka, alhali a jihar da ya fara, ko cikin ma'aikata da ɗalibai kaɗan ne za su iya faɗin ko shi wane ne.

Sunansa Mahamadou Souleymane, amma an fi saninsa da Mdou Moctar, kuma da wannan suna a ke kiran ƙungiyar makaɗan da ya ke shugabanta. Su huɗu ne. Shi ne mai waƙa kuma mai babbar jita, Ahmoudou Madassane ke riƙe masa da jita ta biyu, Souleymane Ibrahim ke kan ganguna, sa'an nan akwai wani Ba'amurke, Mikey Coltun, mai jitar nan mai kaurin murya, wanda kuma shi ke tsara musu faifai. Ranar 28 ga Fabrairu, 2025, suka fitar da faifai mai suna Tears of Injustice, watau Hawayen Zalunci, ta hannun kamfanin Matador na birnin Niyok, ɗaya daga cikin ƙananan kamfanonin da ke cin gashin kansu, ba su ƙarƙashin manyan 'yan kasuwar kiɗa na duniya.

Turawa sukan sa kiɗan nan cikin jinsin da su ke kira buluz da rok. Buluz dai waƙar baƙar fatar kudancin Amurka ce, jikokin bayin da aka kwashe daga wannan nahiya tamu, kuma a gonakin auduga na gaɓar kogin Misisipi ta girma. Rok kuwa ɗanta ne da aka sa wa lantarki da ƙara. Su Abzinawa da kansu assuf su ke ce wa nasu, kalmar da ke nufin kewa da begen gida. Amma wanda kunnensa ya tashi da gurmi da garaya da molo, ko kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos, ba ya bukatar a kai shi Misisipi kafin ya gane abin da ya ke ji: gajeriyar karya ce a ke maimaitawa ana ƙawata ta, jagora ya bayar, 'yan amshi su karɓa, tafi na biye.

Asalin wannan kiɗa wahala ce. Dattawan Bodinga da Shagari ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da dabbobin mutanen arewa suka ƙare, Abzinawa suka gangaro ƙasarmu da matansu da 'ya'yansu, mai garken raƙuma jiya ya koma gadin gidan wani yau. Waɗansu kudu suka yi, waɗansu kuma suka nausa Aljeriya da Libiya. A can ne samarinsu marasa aiki suka ɗauki jita suka mai da ita bakinsu. Daga cikinsu ƙungiyar Tinariwen ta Mali ta fito, a Nijar kuma aka sami marigayi Abdallah Oumbadougou, wanda kaset-kaset ɗinsa suka riƙa yawo a ɓoye zamanin tawayen Abzinawa na shekarun 1990. Ganin wasan Oumbadougou ne ya sa wa Mdou sha'awa. Shi ɗan yankin Abalak da Cintabaradan ne a jihar Tawa, daga gidan da ba a yarda da kiɗa ba, abin da ba baƙo ba ne ga ɗan Sakkwato. Da bai sami mai saya masa jita ba, sai ya sassaƙa katako ya ɗaura masa wayoyin birkin keke. Bahago ne, kuma har yanzu da hagu ya ke kaɗawa.

To, me ya kawo shi Sakkwato? A wancan lokaci waƙoƙin finafinan Hausa sun mamaye ƙasar Nijar kamar yadda suka mamaye tamu, da kiɗansu na fiyano da gangar inji, da na'urar nan ta kwamfuta mai lanƙwasa murya ta mai da ta kamar sarewa. Ɗakunan da suka ƙware a wannan aiki a Nijeriya su ke, Sakkwato kuwa ita ce babban birni mafi kusa da shi ta wannan ɓangare. Faifan da ya yi, mai suna Anar, haɗin gambiza ne wanda ba a saba ji ba: harshe na Abzinawa, jita ta Abzinawa, amma sutura ta waƙar fim. Ba kamfanin da ya buga shi, ba kantin da ya sayar da shi. Daga waya zuwa waya ya bi, ta ɗan katin nan na ajiya da samari ke kai wa masu cajin waya a kasuwa su loda musu waƙoƙi, har ya isa arewacin Mali. A can wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi, Christopher Kirkley, ya ji ɗaya daga ciki, ya sa ta a wani faifan da ya haɗa na waƙoƙin wayoyin mutanen Sahara a 2011, sa'an nan ya shiga neman mai ita har ya same shi. Kamfaninsa, Sahel Sounds, shi ya buga Anar a bisa ƙa'ida a 2014. Shi ne kuma, idan mai karatu bai sani ba, ya fitar da faifan Harafin So na waƙoƙin finafinan Kano a 2013. Watau abin da 'yan bokonmu ke yi wa kallon shirme, wani ya taso daga bakin tekun Pasifik ya tattara ya adana. Da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu da gidan Rediyon Rima za su nemi kofen Anar su ajiye cikin kayan tarihin jiha, da ba su yi asara ba, domin a ƙasarsu aka haife shi.

Daga nan abu ya yi ta gaba. A 2015 ya fito a wani fim da aka yi a Agadas cikin harshen Abzinawa, a 2019 ƙungiyar ta yi faifan Ilana a birnin Ditiroyit, a 2021 ta koma Matador da faifan Afrique Victime wanda ya ɗaga sunanta ƙwarai. Ranar 3 ga Mayu, 2024, sai ga Funeral for Justice, watau Jana'izar Adalci, faifai mai zafi da ƙara kamar hadarin farkon damina, jita na kuka, ganguna na gudu. Waƙoƙi tara ne a ciki. Akwai wadda ke tuhumar shugabannin Afirka a kan wofintar da talakawansu, akwai mai suna Oh France wadda ke ƙirga wa Faransa laifuffukanta, akwai kuma mai magana a kan bautar zamani. Wanda ya san an fara haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971 ana kai wa Faransa tana haskaka biranenta, alhali har cikin 'yan shekarun nan kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar, ba zai tambayi dalilin fushin ba.

An riga an ɗauki waɗannan waƙoƙi kafin ranar 26 ga Yuli, 2023, ranar da sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi mulki. Makaɗan suna Amurka wajen wasa abin ya faru. Aka rufe iyakoki, aka rufe sararin sama, Ƙungiyar Ƙasashen Afirka ta Yamma ta ƙaƙaba takunkumi har da barazanar yaƙi, Nijeriya ta yanke wutar da ta ke bai wa Nijar ta layin Birnin Kebbi. Mu nan mun ga namu rabon, domin motoci sun yi layi a Illela, kaya sun lalace, zumunta ta tsaya cik har watan Maris na 2024. Su kuwa mutum uku 'yan Nijar na cikin ƙungiyar suka maƙale a ƙasar wasu, iyalansu na gida, ba su san ranar komawa ba. Mdou ya bayyana wa 'yan jarida cewa shi ba ya goyon bayan juyin mulki, amma kuma bai taɓa son zaman Faransa a ƙasarsa ba, kuma da manufofinta ya ke faɗa, ba da mutanenta ba.

Cikin wannan zaman zullumi ne suka shiga wani ɗakin ɗaukar waƙa a unguwar Buruklin ta birnin Niyok, suka zauna wuri ɗaya, suka sake rera waƙoƙin Jana'izar Adalci ba tare da ƙarar lantarki ba, da jitar katako da kiɗan hannu. Da hanya ta buɗe suka koma gida, Ahmoudou ya tafi da wata 'yar na'urar ɗaukar murya, ya tara waɗansu Abzinawa suka yi amshi, aka haɗa da abin da aka ɗauka a Amurka. Wannan shi ne Hawayen Zalunci.

Mai neman sababbin waƙoƙi zai ce an sayar masa da tuwon jiya, kuma yana da 'yar hujja, domin waƙoƙin dai su ne. Haka kuma abin dubawa ne cewa sunayen faifayen biyu duka da Ingilishi su ke, saboda kasuwar da a ke nufi, kuma dubban masu tafi a Landan da Niyok ba su jin ko kalma ɗaya daga abin da a ke faɗa. Amma a ganina na biyun ya fi na farkon kusa da kunnenmu. A na farko gwanintar yatsu ke danne magana, a na biyu murya ta fito fili, ka ji mutum ne ke zaune a bakin wuta da dare yana faɗin abin da ke ransa. Wanda ya taɓa jin matan Abzinawa suna kiɗan tande a kan turmi, ko suna goga imzad, ɗan'uwan gogenmu mai tsirkiya ɗaya, nan da nan zai gane gidan da waƙar ta fito.

Waƙar da ta fi cancanta ɗalibanmu su tsaya a kanta ita ce Imouhar. Kira ne ga Abzinawa su riƙe harshensu na Tamashek, wanda mu kan kira Buzanci, su riƙa magana da shi suna rubuta shi, tun da suna da baƙaƙensu na gado da a ke kira Tifinag. Mdou ya ce tsoronsa shi ne nan da shekara ɗari a rasa mai jin harshen sosai, kuma Faransanci ya fi ɗora wa laifi. Gaskiya ne, amma akwai sauran magana, kuma ta shafe mu. A kasuwar Tawa da ta Agadas, da tashar mota, da wajen wasan yara, harshen da ke cinye Tamashek ba na Faransa kaɗai ba ne, har da namu. Lokacin da Bajamushen nan matafiyi, Barth, ya shiga Agadas a 1850, ya tarar mutanen garin suna da wani harshe nasu ɗan'uwan Zabarmanci. Yau babu mai jin sa, Hausa ta gaje shi. A watan Maris na 2025 kuma, wata guda bayan fitowar faifan nan, hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Mun yi murna, kuma murnar ta halatta. Sai dai Bahaushe ya saba ganin kansa a matsayin wanda Ingilishi ya danne, bai saba tunanin cewa shi ma inuwarsa na hana wani tsiro ba.

Ba sai an je Agadas ba ma. Gidaje nawa ne a Shagari da Bodinga da Dingyaɗi da kakanninsu Fillanci suka tashi da shi, jikoki kuwa ko gaisuwa ba su iya ba? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda ya zauna a Sifawa cikin ƙasar Bodinga kafin ya koma Sakkwato a 1815, da Fillanci ya yi yawancin waƙoƙinsa na wa'azi, daga baya 'ya'yansa Nana Asma'u da Isa suka mai da waɗansu cikin Hausa. Shi ma ya taɓa bin hanyar arewa har Agadas a bayan malaminsa, Malam Jibirila ɗan Umaru. Cuɗanyarmu da Abzinawa ta daɗe har ta bar tabo a bakinmu, domin masana harshe na cewa daga wurinsu muka aro raƙumi da takarda da takobi. Ɗaya daga cikin waƙoƙin faifan nan ma sunanta Takoba.

Malaman harsuna na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari suna da aiki a nan wanda bai fi ƙarfinsu ba, watau su zauna da masu jin Tamashek, waɗanda ba su da wuyar samu a Sakkwato, a fassara waƙoƙin nan cikin Hausa, Rediyon Rima ta sa su tare da bayani. Kamfanin Matador da Ingilishi ya ke yi wa masu sayensa bayani, kuma a faifan garmaho da ta intanet ya ke sayarwa, da kuɗin da ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. A wannan yanki namu kuwa, mai son jin Hawayen Zalunci zai fi saurin samunsa ta hanyar da Anar ya bi ya fita a 2008, watau daga wayar wani zuwa tasa.