Amsa-kuwwar Lantarki: Yadda Ake Gano Inda Waya Ta Lalace

A zangon karatun da ya gabata, wuta ta ɗauke a ɗakin kwananmu. Sai da mai gyara ya fasa bango wuri uku kafin ya gano inda waya ta tsinke. Wannan ya sa na tambayi abokina, ɗalibin injiniya, ko akwai hanya mafi sauƙi. Shi ne ya bayyana mini dabarar riflektometiri.

Dabarar tamkar amsa-kuwwa ce. Na'ura kan aika ɗan bugun lantarki cikin waya. Idan ya tarar da tsinkewa ko haɗuwar wayoyi, sai ya dawo. A wayoyi da yawa, bugun kan ci kusan mita 200 a kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Ke nan in ya dawo bayan wannan lokaci, matsalar tana nisan mita 100, tunda zuwa ne da dawowa.

Sai dai waya tilo tana da wuyar sha'ani. Lantarki na buƙatar hanyar komawa, don haka akan jona na'urar da ƙarfen jikin mota ko jirgi. Da yake tazarar wayar da ƙarfen tana sauyawa, akan sami amsa-kuwwar ƙarya. Mafita ita ce a kwatanta da awon da aka ɗauka tun wayar na lafiya.

Mai karatu, lamarin ba wasa ba ne. A 1996 jirgin TWA 800 ya tarwatse a Amurka, mutum 230 suka rasu, kuma masu bincike sun fi zargin haɗuwar wayoyi da tayar da tankin mai. Rigakafi dai ya fi magani.