Zakarun Tseren Matsakaicin Zango a Makarantun Sakandare na Birnin Kudu da Gwaram

GABATARWA

Manufar wannan maƙala ita ce a yi bayani a kan ɗalibai 'yan sakandare waɗanda suka yi fice wajen tseren matsakaicin zango, a duba abin da suke iya yi, da kuma abin da jama'a suke tsammani daga gare su. An ɗauki Birnin Kudu da Gwaram, ƙananan hukumomi biyu na kudancin Jihar Jigawa, a matsayin fagen nazari, domin yanki ne da ya daɗe da sanin makarantar kwana. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu tana cikin tsofaffin makarantun tsohuwar Jihar Kano, tun kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, kuma ta yaye manyan mutane, cikinsu har da Alhaji Aliko Ɗangote. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, nasarar da yaro ya samu a filin makaranta alkawari ce kawai, kuma cika wannan alkawari yana bukatar shekaru da mizani na gaskiya.

MA'ANAR TSEREN MATSAKAICIN ZANGO

Masana guje-guje da tsalle-tsalle sun kasa tsere gida uku. Akwai gajeren zango, watau daga mita 100 zuwa mita 400. Akwai dogon zango, kamar mita 5,000 da mita 10,000. A tsakaninsu ne ake samun matsakaicin zango, wanda ya ƙunshi mita 800 da mita 1,500. A zamanin da ake awo da yadi, rabin mil da mil ɗaya ake gudu a madadinsu. Cikakkiyar da'irar tsere mita 400 ce, saboda haka mai gudun mita 800 zai kewaye ta sau biyu, mai mita 1,500 kuwa sau huɗu ba kwata.

Wahalar wannan tsere ta samo asali ne daga yadda jikin ɗan Adam yake samar da ƙarfi. Hanya ta farko ita ce ta iskar da huhu yake shaƙa, jini ya kai ta ga tsoka. Wannan hanya tana daɗewa, amma ba ta ba da sauri mai yawa. Hanya ta biyu ajiya ce ta gaggawa wadda ba ta jiran iska, tana ba da sauri, sai dai tana ƙarewa da wuri, ta bar ƙafafu da nauyi kamar an ɗaura musu turmi. Mai gajeren zango ya fi dogara da ta biyu, mai dogon zango ya fi dogara da ta farko, shi kuwa mai matsakaicin zango tilas ya mallaki duka biyun, ya kuma san yadda zai raba ƙarfinsa. Wannan shi ya sa sau da yawa ake ganin yaro ya fita da gudu kamar zomo a kewayen farko, 'yan gidansu suna ta sowa, amma kafin a kai rabin kewaye na biyu ya fara tangaɗi, na bayansa su wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa.

MIZANIN DA AKE AUNA GWANI

A tsere, agogo ne alƙali. A ranar 6 ga Mayu, 1954, Roger Bannister na Ingila ya zama mutum na farko da ya gama mil ɗaya cikin ƙasa da minti huɗu. Bayan shekara goma kacal, watau a 1964, wani ɗan sakandare mai shekara 17 a Jihar Kansas ta Amurka, Jim Ryun, ya yi irin wannan bajinta. A tseren mita 800 kuwa, David Rudisha na Kenya ya kafa tarihi a wasannin Olamfik na Landan a 2012, da minti 1 da daƙiƙa 40.91. Wanda ya zo na biyu a ranar, Nijel Amos na Botswana, shekararsa 18. A mita 1,500, Hicham El Guerrouj na Maroko ya yi minti 3 da daƙiƙa 26 a 1998.

Ɗan sakandaren da ya gama mita 800 cikin minti biyu cif, watau daƙiƙa 60 a kowane kewaye, gwani ne a ko'ina cikin duniya. Amma da za a jera shi da Rudisha a wancan tsere, a lokacin da Rudisha zai taka layin ƙarshe shi yana da sauran fiye da mita 120 a gabansa. Ba a kawo wannan lissafi don a karya wa kowa gwiwa ba, sai don mai karatu ya gane cewa gaba da gabanta, kuma tsakanin zakaran makaranta da zakaran duniya akwai matakai masu yawa: gasar shiyya, da ta jiha, da ta ƙasa irin Bikin Wasanni na Ƙasa da aka soma a Legas a 1973, sannan ta Afirka.

Ita kanta Nijeriya, lambobin da ta samu a guje-guje da tsalle-tsalle na Olamfik sun fito ne daga gajeren zango, da tseren miƙa sanda, da tsalle, kamar zinariyar da Chioma Ajunwa ta ci a dogon tsalle a 1996. A matsakaicin zango an samu irin su Ado Maude, wanda ya wakilci ƙasar a mita 800 a Olamfik na 1988, amma fagen ya kasance a hannun mutanen gabashi da arewacin Afirka.

HALIN DA AKE CIKI A BIRNIN KUDU DA GWARAM

Yaron wannan yanki yana zuwa makaranta da jari mai kyau. Ya saba da tafiya gona a ƙasa, da kiwo, da hawan duwatsu, da wasanni irin su langa, wadda take ƙarfafa ƙafa da numfashi. Duk waɗannan suna gina hanyar farko da aka ambata a baya ba tare da yaron ya sani ba.

Sai dai akwai abubuwa da suke sa a kasa sanin haƙiƙanin gwanintarsa. Na farko shi ne fili. A makarantun karkara, yawanci filin ƙwallo ake zagayewa da farar ƙasa idan gasar gidaje ta matso. Idan da'irar ta gaza da mita goma, to mai gudun mita 800 ya ci rangwamen mita ashirin, watau kimanin daƙiƙa uku, kuma daƙiƙa uku a wannan tsere su ne bambancin na ɗaya da na baya. Na biyu shi ne shekaru. A aji ɗaya ana iya samun ɗan shekara 15 da ɗan shekara 19, kuma wanda jikinsa ya riga ya ƙosa shi zai yi nasara, ko da kuwa ƙaramin ya fi shi baiwa. Na uku shi ne yanayi. Ƙurar hunturu tana damun ƙirji, zafin bazara yakan haura digiri 40, ga kuma watan azumi da yake kewayawa cikin shekara, wanda dole mai horarwa ya yi la'akari da shi.

Haka kuma ƙasar ba ta da tudu sosai, tsayinta bai kai mita 600 daga gaɓar teku ba. Garin Iten na Kenya, inda Colm O'Connell ya horar da ɗalibai da yawa har da Rudisha, ya kai kimanin mita 2,400. A irin wannan tudu iska ba ta da kauri, saboda haka jiki yakan ƙara ƙwayoyin jinin da ke ɗaukar ta. Shi kansa Jim Ryun, a Olamfik na 1968 da aka yi a birnin Meziko mai tudu, Kipchoge Keino na Kenya ne ya kayar da shi a mita 1,500.

TSAMMANI IRI UKU

Tsammani na farko na 'yan'uwansa ɗalibai ne da malamin wasanni. Su bukatarsu kofi. Saboda haka akan sa gwani ɗaya ya gudu mita 400, da 800, da 1,500, ya kuma shiga miƙa sanda, duk a yini ɗaya, bayan atisaye na mako biyu ko uku. Jikin da yake kan girma ba ya jure wa irin wannan, kuma ciwon ƙwauri ko na gwiwa yakan kawo ƙarshen gudun yaro tun bai fara ba.

Tsammani na biyu na iyaye ne. Su karatu suka aiko shi, kuma a al'adar Bahaushe gudu ba ya cikin alamun natsuwa ga wanda ya fara girma. Da zarar jarrabawar ƙarshe ta ƙarato, sai a tuna masa cewa ba a haɗa gudu da susar gwiwa. Ga ɗiya mace kuwa abin ya fi tsanani, domin ga batun sutura, ga batun aure, har ma yarinyar da ta fi kowa gudu a aji uku ba a cika ganinta a fili ba a aji shida. Damuwar iyaye tana da tushe, tun da ba su ga wanda gudu ya ciyar a garinsu ba. Abin da ba a cika bayyana musu ba shi ne, awa ɗaya da asuba ko da la'asar ta isa atisaye, kuma jami'o'i da aikin soja da na 'yan sanda duk suna da fagen wasanni da ke neman irin waɗannan yara.

Tsammani na uku na shi yaron ne. Kirarin da ya sha a ranar gasa yakan sa ya ɗauka ya gama isa. Idan ya je Dutse ko Kano ya zo na biyar, sai ya yanke ƙauna. Alhali kuwa manyan masu wannan tsere galibi sai sun haura shekara ashirin suke kai ƙololuwarsu. Rudisha yana da shekara 23 ya kafa tarihinsa, El Guerrouj ma haka.

KAMMALAWA

Daga bayanan da suka gabata, za a ga cewa abin da ya kamata a nema daga ɗan tsere a sakandare shi ne ci gaba daga shekara zuwa shekara. Domin a iya ganin wannan ci gaba, ana bukatar abu uku waɗanda ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba: igiyar awo da za a daidaita fili da ita, da agogon auna gudu, da littafin da malamin wasanni zai riƙa rubuta sunan yaro da shekarunsa da lokacin da ya yi. Yaron Gwaram da ya yi minti 2 da daƙiƙa 20 a aji huɗu, ya sauko zuwa minti 2 da daƙiƙa 8 a aji shida, ya fi cancantar a kai shi gaba a kan wanda ya ci kofi sau uku ba tare da lokacinsa ya motsa ba. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, waɗanda suka saba gyara azuzuwa da ɗakunan kwana, suna iya ɗaukar nauyin wannan ɗan aiki. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.