Zhen Huan: Fim ɗin Sin da ake ta maimaita kallonsa tun 2011

A fadar Sarki Yongzheng akwai wani turaren wuta da ba a ƙona wa kowa sai mace ɗaya, wato Hua Fei, wadda ta fi duk matan sarki fada a wurinsa. Da shi take yi wa kishiyoyinta taƙama, don a ganinta shi ne shaidar cewa babu kamarta a zuciyar maigida.

Sai da ta faɗi warwas, tana jiran hukuncin kisa, sannan aka gaya mata gaskiya: an cakuɗa turaren da miski ne don kada ta taɓa haihuwa, kuma da sanin sarki aka yi. Yayanta, Janar Nian Gengyao, yana riƙe da rundunar soja mai ƙarfi, sarki kuwa ba ya son ɗa daga wannan tsatso. Da jin haka ta buga kanta a bango ta mutu.

Wannan fitowa tana cikin "Zhen Huan Zhuan", fim mai dogon zango da aka fara haskawa a ƙasar Sin a watan Nuwamban 2011, wanda a waje aka fi sani da "Empresses in the Palace". Kashi 76 ne, Zheng Xiaolong ya ba da umarni, Sun Li ta fito a matsayin Zhen Huan, Chen Jianbin kuma a matsayin sarki. Har yau matasan Sin na maimaita kallonsa, suna yanko maganganun cikinsa suna zolayar juna da su a intanet.

Daga waya zuwa talabijin

Asalin labarin littafi ne da wata matashiya mai suna Wu Xuelan, wadda ke amfani da sunan alƙalami Liu Lianzi, ta fara sakawa babi-babi a intanet a 2006. Masu bin littattafan Hausa a waya sun san wannan hanya: marubuciya ta saki babi, masu karatu su yi ta roƙon ci gaba.

A littafin, masarautar ƙirƙirarriya ce. Masu fim ne suka ɗauko labarin suka dasa shi a daular Qing, zamanin Yongzheng wanda ya yi mulki daga 1722 zuwa 1735. Hakan ya ƙara masa nauyi, domin wasu daga cikin mutanen sun rayu da gaske. Nian Gengyao, alal misali, babban janar ne da sarki ya ɗaukaka, daga baya ya umarce shi da ya kashe kansa a 1726.

Sai dai kada mai kallo ya ɗauki fim ɗin a matsayin darasin tarihi. Ƙanin sarki, Yarima Guo, ya mutu a fim tun sarki na raye, alhali a zahiri sai 1738 ya rasu, shekara uku bayan yayansa.

Soyayya ce ko tarko?

Wanda bai kalla ba kuma ba ya son a ɓata masa, to ya tsaya a nan.

Zhen Huan ta je zaɓen matan fada tana addu'ar kada a ɗauke ta. Aka ɗauke ta, sarki ya nuna mata so, ita ma ta yarda da shi. Ashe kama ta yi da marigayiya matarsa ta fari, Chunyuan. Ranar da uwargidan sarki ta shirya mata gadar zare ta sa tufafin marigayiyar ba da saninta ba, fushin da sarki ya yi ya nuna mata matsayinta: inuwar wata ce kawai.

Ta bar fada ta koma gidan ibada a bayan gari, inda ta samu soyayya ta gaskiya a wurin Yarima Guo. Da labari ya zo cewa ya mutu, ga ta da ciki, ga mahaifinta a cikin wahala, sai ta shirya dabarar komawa wurin sarki ta jingina masa cikin. Yariman ya dawo da ransa bayan bakin alƙalami ya bushe. Shekaru bayan haka sarki ya ba ta guba ta shayar da shi. Ta yi niyyar sha da kanta, shi kuwa ya musanya kofunan.

Abin da ya bambanta fim ɗin da sauran labaran kishi shi ne inda ya ɗora laifi. Matan suna cutar juna matuƙa, har da zubar da cikin juna da ƙagen maita. Amma a hankali mai kallo zai lura cewa tsarin gidan ne ya haɗa su faɗa: akwai matakan muƙami, kowane da albashinsa da yawan bayinsa, kuma faɗuwar mace na iya jawo wa iyayenta kora ko kisa. Sarki na zaune a tsakiya yana ɗaga wannan don ya danne waccan, kamar yadda yake yi da ministocinsa.

A ƙarshe Zhen Huan ta yi nasara. Ta zauna a gefen gadon sarki yana gargarar mutuwa tana faɗa masa abubuwan da aka ɓoye masa, ɗan da ta riƙa ya hau mulki a matsayin Sarki Qianlong, ita kuma ta zama uwar sarki. Sai dai kusan duk waɗanda ta ƙaunata sun riga sun mutu, kuma hannunta ba a wanke yake ba.

Abin da ya dami hukuma

Wannan ƙarshe bai yi wa kowa daɗi ba. A 2013 wani sharhi a jaridar People's Daily ta jam'iyyar Kwaminis ya soki fim ɗin da cewa yana koya wa mutane sai ka fi mugu mugunta za ka tsira. A farkon 2019 kuma jaridar Beijing Daily ta caccaki finafinan rikicin fada baki ɗaya, inda wasu tashoshi suka janye su. Cikin waɗanda guguwar ta shafa har da "Ruyi's Royal Love in the Palace" na 2018, wanda shi ma daga littafin Liu Lianzi aka ɗauko shi.

Masu kallo dai ba su daina ba. Ma'aikata da dama a biranen Sin na kallonsa tamkar madubin ofis: shugaba ɗaya, muƙamai kaɗan, kowa na murmushi yana lissafi.

A waje ma ya yi suna, har Sun Li ta shiga jerin 'yan takarar kyautar International Emmy a 2013. A 2015 Netflix ta fitar da wani taƙaitaccen zubi na kashi shida, kowanne minti 90. Mai son fahimtar dalilin da ya sa yarinyar da ta shiga fada tana addu'a ta zama abin tsoro, gara ya nemi cikakken mai kashi 76, don sauyin nata a hankali yake zuwa, kuma gajeren zubin ya yanke mafi yawansa.